Aljihun Ƙirji

A kasuwar Jega, bayan rumfunan albasa,
nan teburina yake shekara goma sha ɗaya.
Janareto na tari, ni ina karɓar wayoyi,
in cika wa kowace ciki kafin la'asar.
In tebur ya cika sai in jera a cinya.
Nawa biyu kuwa suna aljihun wando,
ɗaya dama, ɗaya hagu,
da ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza.
Ban taɓa tambayar me ake ƙyanƙyashewa ba.

Kulu ta sha sassaƙe.
Ta sha saiwa mai ɗacin da ke sa kunne ƙaiƙayi,
ta sha rubutu har daddare ya yi baƙi.
Duk sunan da aka yi a unguwa
ita ce a bakin turmi, ita ce a rabon kunu,
ta dawo ta juya fuska ga bango.
Shekara bakwai ana zagin gona,
ba wanda ya ce a kawo irin a duba.

Wata Talata na hau mota zuwa Birnin Kebbi,
na ce da ita zan sayo caja.
Suka miƙo min 'yar kwalba, suka nuna ɗaki mai labule.
Kunyar ranar, ko gaban surukai ban ji irinta ba.

Likitan yaro ne, ƙanen bayana.
Ya juyo da madubi ya ce, leƙa.
Na leƙa.
Na san tafki a ƙarshen rani:
'yan kifaye ƙalilan na zagaya wuri ɗaya,
wasu sun kwanta, wutsiya ba motsi.
Wannan tafkin nawa ne.

Na ce, wayar ce?
Ya ce, ba zan rantse maka ba.
Masu bincike na nan suna ja,
wasu sun ga alama, wasu sun ce da saura.
Akwai zafi, akwai hayaƙin injinka,
akwai zaman yini a kan benci.
Amma abin da ke aika saƙo dare da rana
ta hanyar da ido ba ya gani,
me zai hana ka matsar da shi daga rumbu?
Ko toka ta rufe garwashi
ba a kwantar da shi kusa da iri.
Ka dawo bayan wata uku.

Na kai wa Cindo tela wanduna huɗu.
Ya ɗaga ɗaya, ya zura hannu a aljihu,
"Lafiya lau shi ke, mi za a gyara?"
Na ce, ɗinke bakinsa.
Ka buɗa min wani a ƙirjin riga.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya lashi zare, bai ƙara tambaya ba.
Allah ya saka wa masu shiru.

Da dare na ajiye takardar a kan tabarma.
Na ce, Kulu, ba ke ba ce.
Ko kuma, ba ke kaɗai ba.
Ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa.
Ba ta yi kuka ba.
Ta tashi ta ɗauki tukunyar sassaƙe,
ta kai gindin gwanda ta tuntsurar,
ta wanke ta, ta kife.

Yanzu na kafa kanta a jikin rumfa,
wayoyin mutane can sama kamar tantabaru.
Na ja benci nesa da inji.
Tamu tana kwana a zaure.
Wani lokaci cinyata kan yi rawa, babu kira,
hannuna ya tafi, ya tarar da ɗinki.

Saura kwana arba'in da ɗaya.
Kulu ce ke ƙirgawa.